Yara uku, shekaru daban-daban: yaya za a riƙe musu Japananci bayan an dawo gida?

"Assalamu alaikum Malam. Mun yi shekara bakwai a Sendai ta ƙasar Japan, inda maigidana ya yi karatu ya kuma ɗan taɓa aiki. A ƙarshen watan Maris muka dawo Zariya da yara uku. Babbar shekararta 12, ta gama aji biyar na firamare a can. Na tsakiya shekararsa 8, aji ɗaya kawai ya gama. Autan shekararsa 4, a can aka haife shi, gidan renon yara yake zuwa. Da muka sauka, ko faɗa su ukun da Japananci suke yi. Yanzu wata takwas ke nan, autan ko da Japananci aka yi masa magana da Hausa yake amsawa. Na gwada zaunar da su kowace Asabar, babbar ta ce abin na jarirai ne, autan kuma ba ya zama. Sannan suna kewar bukukuwan da ake yi musu a makaranta, ni kuwa ina tsoron kada mu faɗa abin da addini bai yarda da shi ba. Ta ina zan kama?"

Wa alaikumus salam Hajiya, barka da dawowa, sannu kuma da ɗawainiya. A ganina tambayarki kashi biyu ce: yadda za a koyar da yara uku masu tazarar shekara huɗu-huɗu ba tare da ɗaya ta gundura ɗaya ya gudu ba, da kuma yadda za a yi da bukukuwan shekara na Japan a gidan Musulmi a Zariya. Zan amsa miki da abin da na gani da idona, don na yi shekaru ina taimakawa a wani ajin Asabar na yaran baƙi a Japan, da na dawo kuma na buɗe ɗan ƙaramin aji a gida domin 'ya'yan waɗanda suka yi karatu a can, irin naki. Kalmomin Japananci zan rubuta su yadda Bahaushe zai karanta, wato c a inda aka saba ganin ch.

Ba rashin iyawarki ne ya watsa zaman Asabar ba. Yaran nan ba Japananci iri ɗaya suka taho da shi ba, don haka darasi ɗaya ba zai yi musu ba.

Abin da kowannensu ya taho da shi

Autan a kunne da baki kawai ya ɗauko harshen. Irin wannan kamar ruwa ne a tafin hannu, muddin ana zubawa yana nan, ana dainawa ya tsiyaye. Na ga yaro sa'ansa da ya zo ajina yana zuba surutu ba birki, kafin shekara ta zagayo abin da ya rage masa bai wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. Amsa miki da yake yi da Hausa kuwa ba abin baƙin ciki ba ne, harshen da zai yi hira da kakanninsa yake ginawa.

Babbar ita ce wadda na fi natsuwa a kanta. A firamaren Japan ana koyar da haruffan kanji, waɗanda aka aro daga Sin, guda 1,026 cikin shekara shida: 80 a aji ɗaya, 160 a aji biyu, 200 a aji uku, 202 a aji huɗu, 193 a aji biyar, 191 a aji shida. Ke nan ta dawo da 835. Wanda ya kai nan ya riga ya iya ɗaukar littafin labari ya karanta don jin daɗi, karatu kuwa shi ne turken da ke ɗaure harshe. Damuwarta daban ce: tana girma, Japanancinta yana tsaye a shekara 11. In aka bari haka, za ta kai shekara 20 tana magana kamar 'yar firamare, ba ta iya keigo ba, wato salon girmamawa da ake yi wa malami ko baƙo ko shugaba da shi. Ki kwatanta da budurwar da ta iya Hausa rangaɗaɗau amma ba ta san a ce "ranka ya daɗe" ba, kowa "kai" take ce masa.

Na tsakiyan shi nake so ki fi sa wa ido, kuma shi ne iyaye suka fi mantawa da shi, don ba ya kuka kamar auta, ba ya gardama kamar babba. Ya iya haruffan sauti iri biyu da ake fara koya, hiragana 46 da katakana 46, da kuma kanji 80. Ya hau gada ke nan, bai ƙetare ba. Ya iya haɗa baƙi, amma karatu bai zama masa daɗi ba tukuna. In kika kai shi ƙarshen kanjin aji uku, wato 440 gaba ɗaya, zai fara ja da kansa. In kika sake shi yanzu, nan da shekara biyu katakana ce za ta fara zubewa, sauran su biyo. Da lokacinki kaɗan ne aka ce ki zaɓi ɗaya, shi zan ce ki zaɓa.

Wani abu da ke ba ni sha'awa, bakin Bahaushe ya dace da Japananci fiye da na Bature nesa ba kusa ba. Wasulansu biyar ne kamar namu. Suna bambanta dogon wasali da gajere, obasan gwaggo ce ko inna, obaasan kaka ce, yadda muke bambanta gari na zama da gari na tuwo. Suna ninka baƙi, kite "zo" ne, kitte kan sarki, kamar daba da dabba. Ame ruwan sama da ame alewa karin sauti ne ya raba su, kamar wuya ta jiki da wuya ta wahala. Abu ɗaya za ki sa kunne a kai: ts ɗinmu yana fita da ƙarfi daga maƙogwaro, nasu a sake yake. Ranar da kika ji yaro ya furta tsuki, wato wata, da ts irin na tsintsiya, kin san Hausa ta fara shiga.

Kullum kaɗan ya fi Asabar guda

Kin tuna ondoku, karatun nan da babbar murya da ake ba su aikin gida kusan kullum, ki saurara ki sa hannu a kati? Shi za ki farfaɗo da shi kafin komai. Minti goma zuwa goma sha biyar, lokaci ɗaya kullum, misali bayan sun dawo Islamiyya sun ci abinci. Littafin kokugo, wato na darasin Japananci, da suka taho da shi ya isa. Na tsakiya ya karanta shafi ɗaya har sati guda, sai ya sauka a bakinsa kafin a wuce. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, haka ake biya allo. Bayan karatun ya rubuta sabon kanji ɗaya ko biyu a littafin lissafi mai gida-gida, harafi ɗaya a gida ɗaya, yana bin tsarin jan layi daga sama zuwa ƙasa, daga hagu zuwa dama. Guda uku a mako ma, cikin shekara ya kusa gama na aji biyu.

Babbar kada ki zaunar da ita a matsayin ɗaliba tare da ƙannenta. Ki ba ta katin, ita ce mai saurare, ita ce mai sa hannu. Na gwada wannan sau da yawa, yarinyar da ta ce abin na jarirai ne tana jin an kira ta senpai, wato babbar ɗaliba, sai ta gyara zama. Amma a biya ta da abin da ya dace da shekarunta, kada ta zama 'yar aikin koyarwa kawai: littattafan labari da na manga masu zane-zane da babanta zai iya sa abokansa su aiko, labaran tashar NHK da aka sauƙaƙa waɗanda ke da ƙananan haruffan furigana masu nuna lafazi a kan kanji, da hira da ƙawayenta na Sendai ta manhajar LINE a wayarki, a gabanki. In mai son gasa ce, a sa mata jarrabawar ƙwarewa a Japananci ta JLPT a gaba. Mataki biyar ne, daga N5 zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba, kodayake ba kowace cibiya ke yin duka biyun ba. Sai dai ki sani ba a gwada magana ko rubutun hannu a cikinta, don haka cin ta bai nuna komai game da keigo a baki.

Autan kada a ba shi fensir da sunan darasi. Tatsuniya, waƙa, wasa. Babansa, tunda ya fi ki harshen, ya ɗauki tatsuniyar dare: mukashi mukashi, wadda ita ce "ga ta nan ga ta nanku" ɗinsu, a rufe da oshimai kamar ƙurunƙus. Kalmomin kwaikwayon sauti su ne ƙofar da ta fi faɗi a wurin ɗan shekara huɗu, ruwa zaa-zaa, yayyafi potsu-potsu, tauraro kira-kira, kare wan-wan. Mu ma muna da irinsu, tsit da fat da ƙirin. A mota kan hanyar makaranta a yi shiritori, wasan da kowa ke fara kalma da gaɓar ƙarshe ta kalmar ɗan'uwansa, wanda tasa ta ƙare da "n" ya faɗi. Shi ne wasa ɗaya da na sani wanda ɗan shekara 4 da 'yar shekara 12 za su yi tare kowa da gaske yake. In ya amsa da Hausa kada a ce "faɗi da Japananci", a maimaita abin da ya ce da Japananci a ci gaba da hira.

Bukukuwa: taro ɗaya, aiki uku

Nan ne Asabar ɗinki za ta dawo, amma sau ɗaya a wata, a kan kalanda. Bukukuwan Japan a jikin yanayi suke, haru lokacin furanni, natsu na zafi, aki na girbi, fuyu na sanyi. Mu ma huɗu muke ƙirgawa, bazara, damina, kaka, hunturu, sai dai ba su hau kan juna daidai ba. Aki da kaka ne suka fi kama, duka lokacin girbi ne, harafin aki ma, 秋, hatsi ne a hagu wuta a dama. Haruffan yanayin huɗu, 春夏秋冬, duk na aji biyu ne, wato daidai inda na tsakiya ya tsaya. Dabarar ita ce a yi biki ɗaya tare, kowa da nasa aikin: auta ya yi da hannu ya ji kalma, na tsakiya ya rubuta, babba ta yi bayani.

Ga yadda nake yin Kodomo no Hi, ranar yara ta 5 ga Mayu, wadda asalinta bikin yara maza ne kafin a mai da ita hutun ƙasa na dukkan yara a 1948. Sati biyu kafin ranar nakan je wurin tela in roƙi guntayen atamfa, ya ɗinka min koinobori, wato kifayen ƙyalle da ake ratayewa iska ta kaɗa su, kamar hannun riga mai faɗin baki, baƙi na uba, ja na uwa, shuɗi na ɗa. A sa zoben waya a bakin, a ɗaura a gora. Iskar da ke tasowa gabanin hadari a watan Mayu tana kumbura koinobori yadda ake so. Ƙananan su manna ido da ɓawon jiki, suna ƙirga kifin ippiki, nihiki, sanbiki, ba su san darasin ƙidaya mai wuya suke yi ba. Na tsakiya su rubuta 魚, wato kifi, da sunayen launuka. Manyan su ba da labarin kifin da ya haura ruwa mai gangarowa, su faɗi me ya sa iyaye ke wa ɗansu fatan zama irinsa. Telan nan har yau in ya gan ni sai ya ce ko lokacin kifi ya yi.

Setsubun, bikin jifan dodo da wake, 3 ga Fabrairu a yawancin shekaru, wani lokaci 2, shi ne ya koya min hankali. Shekarar farko na sa abin rufe fuska na oni, dodonsu mai ƙaho, na faɗo ɗaki ba sallama ina gurnani. Manyan suka fashe da dariya suna jifa ta suna "oni wa soto, fuku wa uci", dodo waje, alheri ciki. Wata 'yar shekara uku kuwa ta shige ƙarƙashin tebur, sati uku ba ta yarda an kawo ta ba. Tun daga nan ƙananan ne ke zana fuskar dodon da kansu a kwali, a sa wa kujera. Kuma kada ki ba auta soyayyen waken suya, hukumomin Japan kansu suna gargaɗin kada a ba ɗan shekara biyar zuwa ƙasa wake mai tauri ko gyaɗa saboda shaƙewa. A yankin Tohoku da kuka zauna, da Hokkaido, gyaɗa mai ɓawo ake jefawa. Ki yi hakan, ya fi sauƙin shara, ki tsince kafin ya kai baki.

Tanabata, bikin taurari, ba sai na gaya miki ba, ke da kika ga ta Sendai daga 6 zuwa 8 ga Agusta. Yawancin sauran wurare 7 ga Yuli suke yi, tun da Japan ta koma kalandar Miladiyya a 1873, shi ya sa ranar ke faɗowa cikin damunarsu ta tsuyu, a yi ta neman taurari girgije ya rufe. A Zariya ma Yuli da Agusta haka abin yake. Amma taurarin biyu da ake bikin dominsu, Orihime da Hikoboshi, suna nan ana gani ta yamma bayan magariba a Oktoba da Nuwamba, in hazo bai sauko ba. Ku fita tsakar gida cikin makon nan ku duba.

Tsukimi, kallon cikakken wata tsakanin tsakiyar Satumba da farkon Oktoba, shi ya fi sauƙi a nan. Farin wata muna da shi, dango garin shinkafa ne a cura ƙanana a dafa, kyasuwa mai fure ta maye ciyawar susuki. Ki tambayi auta ko ya ga zomon da ke daka moci, wato curin shinkafa, a turmi a cikin wata. Babbar kuma a ba ta gajeriyar waƙar haiku, gaɓa biyar, bakwai, biyar, da kalmar yanayi a ciki. Ki ce ta nemo kalmomin yanayin Zariya: hazo, mangwaro, sabuwar gyaɗa, kukan kwaɗi. Kwaɗo a haikun Japan alamar haru ne, a nan na damina ne, wannan kaɗai ya ishe ta muhawara da babanta.

Maganar addini

Tsoronki yana kan hanya, kuma ba duka bukukuwan ne abu ɗaya ba. Akwai waɗanda ibada ce a fili: hatsumode, ziyarar farko ta shekara zuwa wurin bauta, kaɗa ƙararrawa sau 108 a daren ƙarshen shekara, tarbar ruhin magabata a Obon tsakiyar Agusta, kai yara wurin bauta a Shici-Go-San ranar 15 ga Nuwamba, da layun omamori. Waɗannan a ajina bayani kawai ake yi, ba a aikatawa. Amma ina koyar da kalmominsu sosai, don ina so yarinya kamar taki ta san bambancin jinja na Shinto da otera na addinin Buddha, ta kuma iya gaya wa ƙawarta cikin ladabi, da Japananci, dalilin da ya sa ba ta zuwa.

Koinobori, naɗin takarda, katin sabuwar shekara, sharar ƙarshen shekara, wasan katunan haruffa na karuta, ban ga iyayen da suka yi tantama a kansu ba. Masu wuyar su ne bukukuwan da ke tsakanin waɗannan biyun. A Tanabata yaran Japan suna rubuta roƙonsu a takardar tanzaku su rataya a gora. Ni nakan sa su rubuta burinsu su ƙara da in sha Allahu, in faɗa musu ƙarara cewa tauraro ba ya ji ba ya bayarwa. A Tsukimi ci muke yi, ba ma ajiye wa wata komai. Setsubun kuwa asalinsa korar sharri ne, akwai iyayen da suka ce min ko da sunan wasa ba sa so, na cire musu shi ban ja ba, 'ya'yansu ba su rasa komai a harshe ba. Haka 'yan tsanan Hinamatsuri, bikin yara mata na 3 ga Maris. Ni malamin harshe ne, fatawa ba aikina ba ce. Ki bayyana wa malamin da kuka amince da shi abin da ake yi dalla-dalla, ba sunan bikin kawai ba, ku bi abin da ya ce. A girki kuma ki kula da mirin da sake da shirozake na Hinamatsuri, duk akwai giya a ciki. Tofu kuwa ba sai an yi oda ba, awara ce.

Abin da ba zan yi miki alkawari ba

Ban taɓa ganin yaron da ya bar Japan yana ƙarami ya ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da sa'o'insa na can ba, komai ƙoƙarin iyaye. Ga Turancin boko, ga Larabcin Islamiyya, ga Hausar gida, Japananci na huɗu ne, kuma ba zan ce a rage wa hadda ko Hausa lokaci dominsa ba. Babbar za ta iya riƙewa har ta yi karatu ko aiki da shi. Na tsakiya ya danganta da minti goma sha biyar ɗin nan. Autan mai yiwuwa kunne da lafazi kawai zai tsira da su, waɗanda za su yi masa amfani in ya girma ya ce zai koya daga farko.

Disamba na tafe, wata ne mai kyau na sake farawa. A makon ƙarshe ku yi osoji, babbar sharar gida, duk umarni da Japananci: share, goge, ɗauko, ajiye. Babbar ta rubuta nengajo, wato katin sabuwar shekara, guda biyu, ɗaya ga ƙawarta da harshen wasa, ɗaya ga malamar ajinta da harshen girmamawa, babanta ya duba na biyun kafin a ɗauki hoto a tura. In kun yarda da otoshidama, ɗan kuɗi ne a ambulan kamar goron sallah, kowa sai ya ce akemashite omedeto gozaimasu, wato barka da sabuwar shekara, kafin ya karɓa, har auta. Ranar 2 ga Janairu a yi kakizome, rubutun farko na shekara. Tawadar allo ta wadatar, a shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa. Na tsakiya ya rubuta 正月, wato sabuwar shekara, duka haruffan biyu ya san su tun aji ɗaya. Autan a ba shi buroshi ya ja layi ɗaya a kwance, a gaya masa ya rubuta ici, wato ɗaya.